Ƙwaryar Adda

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris na shekarar 1975, aka yanka wuyan matata Saude, ni kuma saura ƙiris in kashe ta da fura.

Na ga saƙonninku. Wata mai suna Asma'u ta rubuto cewa labarina ba soyayya a ciki, babu faɗuwar gaba, babu kwalliya, babu mota. 'Yata, ki yi haƙuri. Shekarata saba'in da takwas, da yatsa ɗaya nake buga wannan rubutu, kuma wadda gabana ya faɗi dominta tana kwance a maƙabartar Roni shekara tara ke nan. Kwalliya kuwa za ki samu, sai dai ta asibiti ce.

Ga waɗanda yau suka shigo: sunana Lauwali. A wancan lokaci ni ne hedimastan wata firamare a Roni, ina da shekara ashirin da takwas, da akwatin littattafai biyu, da girman kan da ya fi akwatunan nauyi. Saude 'yar Fulani ce daga wata ruga kusa da Gwiwa. A kasuwa na gan ta tana sayar da nono, na sayi nonon da ban iya shanyewa ba har sati shida kafin ta ɗago ido ta dube ni. Danginta ɗan baffanta Hamma suka so ta aura, mai shanu tamanin da baki kamar aska. Mahaifinta, wanda kowa ke kira Baffa, ya ba ni ita ne kamar yadda ake ba da aron gatari, ana kallon hannun mai karɓa.

Shekara biyu da aurenmu maƙoƙo ya fito mata. Da fari kamar goro, sannan kamar ƙwan zabuwa, sannan kamar lemo. Ta ƙara duwatsun wuya, ta riƙa ja mayafi har haɓa. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne in ta kwanta numfashinta yana fita da wani siririn fito, kamar iska a ƙofar langalanga. Na buɗe littafin kiwon lafiyar da muka yi a kwalejin horon malamai, na karanta, na rufe, na hau sabon babur ɗina na shekarar ƙarin albashin Udoji na nufi ruga.

Baffa na zaune a inuwar gawo yana tufka igiya. Na tsuguna na gaishe shi, na yi bayani.

"Kakarta ta yi shekara tamanin da nata," in ji shi, bai ɗago ba. "Da shi aka binne ta."

"Baffa, wannan yana danne mata maƙogwaro. Likita ya ce in aka bari zai toshe."

Hamma yana jingine da sandarsa. Ya yi murmushi.

"Malam, mu ma muna yanka a wuya. Sai dai namu ba sa tashi."

Aka yi dariya, ban da Adda, yayar Saude, wadda ta rene ta tun rasuwar uwarsu. Adda doguwa ce, ba ta da yawan magana, tana gefe tana kankare wata ƙwarya mai zanen tsuntsaye biyu a bakinta. Ku riƙe ƙwaryar nan a ranku.

A ƙarshe Baffa ya ajiye igiya ya ce, "Matarka ce. Amma in ta cutu a hannun mutanenka, ko ta rayu, gida za ta dawo. Ka ji?"

Na ce na ji. Mutanena! Likitan ko daga ƙasar nan bai fito ba, amma tunda na iya Turanci, ni da shi dangi ne a wurin Baffa.

Yanzu sai in gaya muku abin da 'yan zamani ba za su gane ba, ku da kuke ɗaukar hoton shinkafa ku aika wa saurayi. A shekara biyun nan ban taɓa ganin Saude ta sa loma a baki ba. Ko sau ɗaya. Za ta ajiye mini tuwo, ta rufe da faifai, ta ɗan durƙusa, ta ɓace bayan ɗaki. A gidansu mace ba ta ci a gaban miji ko suruki, ko da yunwa za ta kayar da ita. Wata rana na lallaɓa na leƙa, ta ji motsina, ta kife kwanon, ranar ba ta ƙara cin komai ba. Ni kuwa na cika kaina da littattafan da miji da mata ke zama a tebur ɗaya suna miƙa wa juna gishiri. Abin ya riƙa cina kamar ƙaya a tafin ƙafa. Na ɗauka ba ta sake da ni ba. Na ɗauka da Hamma ne da ta ci.

Ranar Litinin aka kwantar da ita a asibiti. Ba zan faɗi wanne ba, don ba su yi laifin komai ba. Sabon gini ne na kuɗin mai, fenti na ƙamshi, fanka na juyawa a silin, abin da Baffa ya tsaya yana kallo har hularsa ta faɗi. Mai kula da ɗakin mata wata Sista Dinatu ce, mutuniyar Filato, gajeriya, da farar hula kamar jirgin takarda, da ɗan agogo maƙale a ƙirjin rigarta. Hausarta ta fi ta wasunmu, sai dai tana taune ta yadda take so.

Ta tara mu a baranda.

"Ku saurara. Daga sallar isha, ba abinci, ba kunu, ba fura, ko ruwa ba ta sha. Maganin barcin da za a shaƙa mata ba ya shiri da cikakken ciki. Kun ji?"

Da na yi shiru da ya fi. Amma hedimasta ne ni. Na juya ga surukaina, na ɗaga yatsa kamar a gaban 'yan aji uku.

"Kun ji abin da ta ce? Ko ruwa. Na san halinku da tausayi. Kada wani ya ce ai 'yar kaɗan ce. Adda, ke nake nufi musamman."

Adda ta dube ni. "Mun ji, Malam."

Sau uku na maimaita. Ina so Sista ta san akwai mai ilimi a cikinmu.

Washegari da na dawo daga sallar asuba gari ya fara haske. Adda ta dama wa Baffa fura a ƙwaryarta mai tsuntsaye, ta rufe da faifai, ta tafi famfo wanke kwanuka. Baffa da Hamma ba su dawo daga masallaci ba. Na zaga bayan ɗakin mata, na tarar da Saude a kan benci ƙarƙashin darbejiya. An cire mata duwatsun wuya, da 'yan kunne, da awarwaro. An sa mata wata koriyar riga mai igiya a baya. Ban taɓa ganinta ƙarama haka ba. Leɓɓanta sun bushe sun tsage, ga zafin bazara tun da safe ya fara.

Na koma baranda na ɗauko ƙwaryar.

Abin da na gaya wa kaina a hanya shi ne: likitoci suna tsananta doka ne saboda 'yan ƙauye, don in an ce kada a sha ko kaɗan, a sha kaɗan. Na ce jiki ba ya ɗaukar wuƙa da yunwa. Na ce ludayi biyu ba komai ba ne. Duk wannan hujjar hedimasta ce. Gaskiyar ita ce maganar Hamma ta kwana a kunnena, na sa a raina ba za ta tashi ba, kuma ban yarda a binne ta ban taɓa ba ta abu a baki ba.

"Ki sha," na ce.

"Sista ta hana, Malam."

"Na fi Sista karatu."

Ta dubi ƙwaryar, ta dube ni, ta sunkuyar da kai.

"A gabanka?"

"A gabana. Yau kaɗai, Saude. Don Allah."

Ta sake duban ƙwaryar. Sannan ta rufe ido, kamar wadda za a yi wa tsaga, ta buɗe baki. Na ɗebo da ludayi na kai mata. Fura ta zubo mini a hannun riga, sabuwar shuɗiyar shadda da na ɗinka don likita ya ga ba da talaka yake hulɗa ba. Ludayi bakwai ta sha. Na ƙirga. Ina kallon yadda maƙoƙon ke hawa yana sauka, ina jin kamar an ba ni sarautar Kazaure.

Ta goge baki da bayan hannu.

"To, ka gani. Baki ne irin na kowa."

Na mayar da ƙwaryar inda take, na rufe da faifai.

Ƙarfe takwas aka turo gado mai taya. Sista Dinatu ta zo da kati da biro.

"Saude, kin ci wani abu tun jiya?"

"A'a."

"Kin sha? Ko ruwa?"

Ina tsaye a gefen gadon, taku ɗaya. Saude ta dubi silin.

"A'a, Sista."

Matar da ban taɓa jin ta ƙara ko kwabo a kan kuɗin nono ba. Da na buɗe baki a lokacin, abin da zai faru kawai shi ne a ɗaga aikin zuwa gobe, a yi mini dariya. Dariyar na guda. Aka tura ta.

Awa uku muna baranda. Baffa na jan carbi, Hamma na zane ƙasa da sanda, Adda ta zauna ta miƙe ƙafafu ba ta ko motsi. Wajen sha ɗaya da rabi aka fito da ita, wuya naɗe da farin bandeji, robar ƙarin ruwa a hannu, wani wari mai hawa kai yana bin ta, warin maganin barcin, kamar kananzir da aka haɗa da alewa. Likitan ya fito da kwalba, abin yana ciki yana iyo. Baffa ya matso ya duba.

"Allahu Akbar. Wannan a wuyan ɗiyata yake?"

Ya dubi ƙirjin Saude yana ɗagawa yana sauka, babu fito. Na dubi Hamma na gyara hula. Awa biyu na yi ina cin nasara.

Ana kiran azahar ta fara motsi. Na zaci farkawa ce. Sai cikinta ya harba, kafaɗunta suka ɗaga, wani sauti ya fito daga maƙogwaron da aka ɗinke yanzu-yanzu. Ban ga lokacin da Sista Dinatu ta iso ba. Hannu ɗaya a ƙeya, ɗaya a kafaɗa, ta juya ta gefe gaba ɗaya kamar ana juya ƙwai, ba ta bar wuyan ya lanƙwasa ba. Ta tara ɗan kwanon ƙarfe. Ta sa wata roba a bakin Saude, tana taka wani famfo da ƙafa yana zuƙe abin da ya rage.

Abin da ya zubo a kwanon fari ne, da ɗigon gero.

Aka kira likita. Ya duba kwanon, ya fara faɗa da Turanci. Ranar ce ta farko da na yi fatan ban iya Turanci ba. Sista ta juyo gare mu, ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi tsoratar da ni ke nan.

"Maganin barcin nan shi kaɗai yana sa amai. Balle an ƙara masa fura. Ku ji abin da ke nan. A cikin wuyanta akwai jijiyoyin jini da likita ya ɗaure da zare. Duk yunƙurin da ta yi, tana jan zaren. In ɗaya ya kwance, jini zai taru a ciki ya shaƙe ta. Kun ga almakashin nan?" Ta nuna wani ɗan almakashi da aka manne da filasta a kan gadon. "Almakashin warware ɗinki ne a nan inda take, don ba za a kai ta ɗakin tiyata da rai ba. In kuma aman ya koma huhu, wannan wata maganar ce. Wa ya ba ta?"

Fanka na juyawa.

Hamma ya fita, ya dawo da ƙwaryar, ya ɗaga faifai. Furar ta ragu, ludayin na ciki.

Adda ta tashi. Ta dubi hannun rigata, kallo ɗaya, gajere. Sannan ta dubi Sista.

"Ƙwaryata ce."

Ba ta ce ita ta ba ta ba. Na sha juya wannan a raina shekara hamsin. Ba ta yi ƙarya ba, ta dai ajiye gaskiya a inda kowa zai yi tuntuɓe da ita. A gidansu ba a kunyata suruki a gaban mutane, ko da shi ya sa wa ruga wuta.

Baffa ya yi mata magana da Fillanci, kalma huɗu ko biyar, na ga Hamma ma ya runtse ido. Likita ya ce a fitar da ita daga asibitin, kada a ƙara barinta ta shigo. Ta karɓi ƙwaryarta a hannun Hamma, ta ɗora a ka. Da ta zo wucewa ta gabana ta ɗan rusuna.

"Sannu, Malam."

Saude ta sake yunƙurawa.

Likita ya rubuta wani abu a kati. Sista ta buɗe kabad ta ɗauko wata 'yar kwalba, tsawonta bai kai gaɓar ɗan yatsana biyu ba, ruwan ciki garau kamar hawaye. Ta goga mata ɗan zarto a wuya, ta ɓalle kan, ta zuƙe da sirinjin gilas da aka dafa. Ta soka wa Saude a cinya.

"Shi ke nan?" in ji Hamma.

"Shi ke nan."

"Wannan ɗigon? Ko ɗan tsako bai ƙoshi da shi ba."

"Ba ƙoshi na ce ta yi ba, Bafillace. Matsa ka ba ni iska."

Na matso, don ko a lokacin ban daina son a san na yi makaranta ba. Na ce, "Sista, ciwon a ciki yake, kin yi allura a cinya."

Ta dube ni sama da ƙasa.

"Amai ba ciki ke yanke shawararsa ba, Malam. Akwai wani ɗan wuri a ƙwaƙwalwa, shi ke ba da umarni, ciki ɗan aike ne. Maganin barci ya je ya tsokane shi. Wannan allurar can za ta, ta ce masa ya zauna. In na ba ta ta baki, dawowa za ta yi. Amma tana son minti ashirin. Su ne ba ni da su a aljihu."

Ta ciro agogon ƙirjinta ta riƙe a tafin hannu.

Ban taɓa sanin minti ashirin na da faɗi haka ba. Baffa ya fito da wata 'yar gora ta rubutu daga aljihu, ya nuna wa Sista.

"'Yata, ko ɗigo ɗaya a harshe."

"Baba, ko ɗigo. Amma zo, shafa mata a goshi da tafin ƙafa. Ka yi naka, in yi nawa, Mai sama ya haɗa."

Dattijon ya durƙusa a ƙarshen gado yana shafa ƙafafun 'yarsa, abin da bai yi ba tun tana jaririya, don ita ce ta biyu a haihuwa, kunyar 'yar fari ta shafe ta, ko sunanta ba ya kira a gaban mutane.

Minti na takwas ta yunƙura da ƙarfi, har gadon ya yi ƙara. Ba abin da ya fito sai ruwa mai ɗaci. Da Sista ta kwantar da ita, sai ga wani jan tabo a farin bandejin, kamar girman kwabo. Hamma ya ce, "La'ilaha illallahu." Sista ta taɓa gefen wuyan da yatsu biyu a hankali, ta saurari numfashin, sannan ta ciro biro ta zagaye tabon da shuɗin layi.

"In ya tsallake layin nan, ka ruga ka kira likita. Kai, Bafillace, mai dogayen ƙafafu. In bai tsallake ba, kowa ya tsaya inda yake."

Daga nan ba wanda ya ƙara kallon komai a duniya sai wannan da'irar. Ni da Hamma, kafaɗa da kafaɗa, mutum biyu da ba su taɓa shan ruwa a moɗa ɗaya ba. Ina jin warin shanu a rigarsa, yana jin warin abin da ke hannun tawa, in ya ji.

Minti na sha huɗu ta sake yunƙuri, amma rabi, kamar wanda ya tashi zai yi faɗa ya manta dalili. Jan ya matso ya taɓa layin ta gefe ɗaya. Hannun Sista ya tafi kan almakashi ya tsaya a can.

Minti na sha tara ta haɗiyi yawu. Muka jira. Ba abin da ya biyo baya.

Na karanta littattafai da yawa, jama'a, kafin ranar da bayanta. Na karanta yadda aka raba teku da yadda aka je wata. Ban taɓa ganin abin da ya ba ni mamaki kamar abin da na gani a fuskar Saude ba tsakanin minti na ashirin da na talatin. Gumin goshinta ya tsaya. Jijiyar da ta miƙe a gefen idonta ta kwanta. Yatsunta da suka damƙe zanen gado suka buɗe ɗaya bayan ɗaya. Kamar an shiga kasuwa ana tsakiyar rikici, wani ya yi magana a hankali, kowa ya ajiye sandarsa. Ɗigon ruwa ya shiga ta cinya, ya bi jini, ya gano wani lungu a cikin kai wanda ni mai akwati biyu ban san da shi ba, ya ce a bari, aka bari. Wani mutum a wata ƙasa ya zauna ya gano wannan, bai san Saude ba, bai san Gwiwa ba. Allah Ya sanar da shi saboda ranar Talatar nan.

Ta yi barci. Sista ta ce allurar na kawo barci, kada mu tsorata. Ana kiran la'asar jan tabon yana nan cikin da'irarsa, ya fara komawa ruwan ƙasa.

Hamma ya juya ya fuskanci bango ya daɗe. Da ya juyo idonsa ja, ya share maƙogwaro.

"Sista, ana yi wa saniya?"

"Kawo ta, in ta cika kati."

Baffa ya yi dariya har da hawaye. Ni na sa hannu a tire na ɗauke fasasshiyar kwalbar. Sunan maganin na jiki da ƙananan haruffa, furometazin. Tana nan a gwangwanin maɓallan Saude har yau.

Na fito baranda, Sista ta biyo ni tana goge hannu.

"Malam."

"Na'am, Sista. Allah Ya saka da..."

"Hannun rigarka."

Na duba. Furar ta bushe ta yi fari a kan shuɗin, tun daga wuyan hannu har kusan gwiwa.

"Ka wanke kafin likita ya gani. Shi ba ya da kunya irin tamu."

Na ce, "Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Wadda ke kwance ta rufa maka asiri da ranta. Wadda aka kora ta rufa maka da mutuncinta. Ni wace ce da zan buɗe? Bakinka ne zai faɗa. Ga su can, ba su tafi ba."

Na dubi inda ta nuna. Baffa na alwala, Hamma na zuba masa ruwa. Can bayan waya, a bakin titi, Adda na zaune a rana da ƙwarya a cinya, tana kallon tagar ɗakin mata. Taku talatin ne zuwa wurin Baffa. Na tuna abin da ya ce a ƙarƙashin gawo: in ta cutu a hannun mutanenka, gida za ta dawo.

Na tafi famfo.

Kafin magariba aka ƙara mata allura ɗaya. Washegari Sista ta fara ba ta ruwa da cokali, sannan shayi, rana ta uku kunu. Ko sau ɗaya ba ta ƙara amai ba. Kwana goma aka sallame ta da wani siririn tabo da duwatsun wuya suka rufe. Baffa ya tara dangi ya ce ɗan boko ya yi gaskiya, ya ba ni karsana. Na karɓa.

Adda kuwa ta zama Mai-fura. Haka yara suka tashi suna kiranta, ba su san mafari ba. Haihuwa shida Saude ta yi, Baffa bai bar Adda ta zo zaman jego ko ɗaya ba, wai hannunta ba ya jin magana. Matar da ta goya Saude. Duk sallah sai ta aiko mana da man shanu a ƙwaryar nan mai tsuntsaye. Na ce wa Saude, "Yayarki gori take mini." Ta ce, "Kyauta ce, Malam." Iyakar abin da muka taɓa faɗa a kan maganar ke nan.

Na shirya jawabin ya fi sau ɗari. Na ce sai Saude ta warke. Na ce sai ta haihu, don a lokacin ba mai raba mu. Na ce sai bayan Baffa, don kada in ɓata wa tsoho rai. Baffa ya rasu, sai na ga ai wanda ya kamata ya ji ya tafi. Adda ta rasu a damina ta 1988, ina wani taron hedimastoci a Kano ina gabatar da takarda a kan tarbiyya.

Saude ba ta ƙara cin abinci a gabana ba, ni ma ban ƙara roƙo ba. Shekara arba'in da ɗaya. A ciwonta na ƙarshe magungunan da ake ba ta suna tayar mata da zuciya, wata yarinyar nas ta zo ta zuba wani abu a robar ƙarin ruwa, ko agogo ba ta duba ba, tana amsa waya. Cikin minti kaɗan Saude ta lafa. Na ce wa yarinyar, "Kin san abin da kika yi yanzu?" Ta ce, "Maganin amai ne kawai, Baba." Kawai.

Da yamma Saude ta buɗe ido.

"Malam, akwai fura?"

Sau uku na je na tambayi nas ko an yarda. A na ukun Saude ta yi dariya har tabon wuyanta ya motsa. Na ba ta da ludayi, idonta a buɗe wannan karon, tana kallona. Uku ta sha.

"Ranar nan," ta ce, "ba don ka roƙa na sha ba. Ni ma na zaci ba zan tashi ba."

Na buɗe baki. 'Ya'yanmu na ɗakin, da 'ya'yan Adda biyu da suka zo dubiya, da Hamma, tsoho tukuf a kan kujera yana gyangyaɗi. Duk wanda ya rage a duniya da ya kamata ya ji yana wurin. Na ce a raina, bari a yi sallah tukuna.

Ba ta kai isha ba. Hamma ya bi ta bayan wata biyar.

Ƙwaryar tana gabana yanzu, ta tsage, Saude ta ɗinke ta da zare. Ku da ba ku san kowa a cikinsu ba, ku ne kuka rage mini, don haka ku tsaya a madadin Baffa, ku ji abin da ya kamata in faɗa ranar Talata bayan azahar, a ƙarƙashin fanka, kafin Adda ta ɗora ƙwaryar a ka.

Ƙwaryar ta Adda ce. Hannun nawa ne.